Kuskuren Uzbekistan da darasinsa ga masu hasashen yanayi

A watan Disambar 2025 ne aka janye wani rahoton bincike daga mujallar kimiyya ta Nature, wanda ya yi hasashen asarar da ɗumamar yanayi za ta jawo wa tattalin arziƙin duniya.

Masana uku na cibiyar binciken tasirin sauyin yanayi ta Potsdam a Jamus ne suka wallafa shi a watan Afrilun 2024. Sun ce nan da tsakiyar wannan ƙarni, kuɗin shigar al'ummar duniya zai gaza da kashi 19 cikin ɗari, watau asarar kimanin dala tiriliyan 38 a shekara.

Sai dai wasu masana a jami'o'in Amurka da suka sake gudanar da lissafin sun gano cewa alƙaluman ƙasa guda, Uzbekistan, na shekarun 1990, suna ɗauke da kuskure. Da suka cire ƙasar, hasashen asarar da ake yi zuwa shekara ta 2100 ya faɗo daga kusan kashi 62 zuwa kashi 23.

Marubutan sun gyara aikin, inda adadin tsakiyar ƙarni ya koma kashi 17, amma suka amince cewa sauye-sauyen sun wuce a kira su gyara kawai.

Wane bugu ake amfani da shi?

Matsalar ita ce kafin a gano kuskuren, alƙaluman sun riga sun yi nisa. A watan Nuwambar 2024, ƙungiyar manyan bankunan ƙasashe ta NGFS ta shigar da tsarin lissafin cikin hasashen da bankuna ke auna haɗarin sauyin yanayi da shi.

Tambayar da ke gaban duk bankin da ya yi amfani da shi ita ce: da wane bugu ya yi lissafinsa, na kafin gyara ko na bayan gyara? Idan ba a rubuta lambar bugun manhajar da ta bayanan ba, gyaran da aka yi a Potsdam ba zai taɓa isa teburin mai yanke shawara ba.

Masu manhajojin hasashen yanayi sun daɗe da fahimtar haka. A shirin CMIP6, wanda kwamitin IPCC na Majalisar Ɗinkin Duniya ya dogara da shi a rahotonsa na 2021, kowane kundin bayanai na ɗauke da sunan manhajar da ta samar da shi da kwanan watan bugunsa, akwai kuma rajistar kurakurai da kowa zai iya dubawa.

Wannan tsari ya sauƙaƙa tantance manhajojin da suka nuna zafin da ya haura digiri 5 idan iskar kabon ta ninka a sararin samaniya, alhali ƙiyasin kwamitin digiri 3 ne.

Masu shakkar sauyin yanayi sun kafa hujja da janye rahoton. To amma an gano kuskuren ne saboda marubutan sun bayyana bayanansu da manhajarsu ga kowa, kuma ko bayan gyara, asarar da ake hasashe babba ce.

Ƙalubalen da ya rage shi ne ganin cewa gyara na bin sawun kuskure zuwa duk inda ya riga ya kai.