Kada Mu Hau Dokin Zuciya

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, mu Kiristocin da muka fito daga ƙauyukan ƙasar Gaya da Ajingi, wajejen Gafasa, 'yan ƙalilan ne a tsakiyar dangi Musulmi. Rijiyarmu ɗaya da su, kasuwarmu ɗaya, kakanninmu ma ɗaya. Ai har tarihin Kano ya ce maƙeran da suka fara zama a Dala daga Gaya suka tashi, saboda haka mu ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Amma duk ranar da labarin kisa ya iso daga Filato ko Kudancin Kaduna, sai ɗakunan kwananmu su ɗauki zafi. Wani ya ce kada kowa ya je gida hutu, wani ya ce a rama zagi da zagi a Facebook. Ra'ayinmu shi ne, tsoro da fushi ba su isa su yanke mana shawara ba.

Mu tuna da Kafanchan. A watan Maris na 1987, gardama ta tashi a Kwalejin Ilimi a kan kalaman wani mai wa'azi wurin taron ɗalibai. Cikin 'yan kwanaki wuta ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone wuraren ibadar mutanen da ko wa'azin ba su ji ba. A cikin makaranta irin tamu aka ƙyasta ashanar.

Abin da ya fi wannan ɗaci shi ne na 2004, kuma wajibi ne mu faɗe shi ko da ba zai yi wa waɗansunmu daɗi ba. A watan Fabrairu an kashe Kiristoci a cikin majami'a a Yelwan Shendam. A watan Mayu waɗansu masu amsa sunan Kirista suka ɗauki fansa, suka kashe Musulmi masu yawa. Bayan kamar mako guda, wa ya biya bashin? Kiristocin Kano, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wanda ya rama a inda yake da rinjaye, ya miƙa wuyan ɗan'uwansa a inda yake ɗan tsiraru. Mu ne ɗan'uwan nan.

Linjila ba ta bar mu cikin duhu ba. Daren da aka kama Yesu Almasihu, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist, da nufin kare Ubangijinsa, amma tsawatawa ya samu. Fasto James Wuye na Kaduna ya bi sawun Bitrus, har ya rasa hannu a rikicin 1992. Ya haɗu da Imam Muhammad Ashafa a 1995, kuma shi da bakinsa ya faɗi cewa ya yi shekaru suna aiki tare yana ƙulle da shi a zuci, sai da wani mai bishara ya nuna masa cewa ba a shelar Almasihu da ƙiyayya. Ba zuciyarsa ce ta fara yin sanyi ba. Biyayya ya fara yi, sanyin ya zo daga baya. Su biyun ne suka shiga tsakani har aka ƙulla sulhun Yelwa a 2005.

To, wani zai ce, wato mu naɗe hannu a cuce mu? A'a. Manzo Bulus ya yi amfani da 'yancinsa na ɗan ƙasar Roma, ya ɗaukaka ƙara har gaban Kaisar. Mu ma sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba mu 'yancin addini. Idan an hana mu filin ibada, ko 'ya'yanmu sun rasa malamin addini a makaranta, sai mu rubuta takarda, mu je gaban dagaci da hakimi, in ta kama mu je kotu. Haka kuma hoton gawa da ya shigo wayarmu, dokar da ta hana shaidar zur ta hana mu tura shi gaba kafin mu san ranar da aka ɗauke shi da inda aka ɗauka.

Game da hutu kuwa, mu dai mun yanke shawara za mu je gida. Akwai gyaɗa a gona tana jiran cira, akwai kuma baffanni da gwaggonni da ba mu gaisar ba tun Sallar da ta wuce.