Kafin ka kira kanka masanin abinci a TikTok, ka je ka yi shekararka a asibiti

Duk wanda ke zagaya Facebook da TikTok ya san su. Yau wata ta fito da shayin rage tumbi, gobe wani ya ce kowa ya daina cin tuwo da dare. Abin da ya fi damuna shi ne a cikinsu akwai waɗanda suka yi karatun ilimin abinci da gina jiki na gaske, wasu a Jami'ar Bayero ta Kano, wasu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Sun karɓi takarda, sai suka tsallake shekarar horo a asibiti, wato intanshif, suka buɗe shafi.

'Yan uwa, wannan shekarar fa ita ce aikin. A aji an koya maka sunayen sinadarai. A asibiti ne za a tsayar da kai gaban mai ciwon ƙoda, a ce ka lissafa gishiri da ruwa da naman da jikinsa zai iya ɗauka. A nan za ka haɗa abincin wanda ake ciyarwa ta roba a hanci. A nan za ka san cewa yaron da tamowa ta yi wa mugun kamu ba a cika shi da abinci lokaci guda, da madarar F-75 ake lallaɓa shi kafin a kai ga F-100. Za ka riƙe tef ɗin awon dantse, ka ga yaro ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, uwarsa tana kallon bakinka. Babu bidiyon da zai koya maka abin da za ka ce mata.

Kuma mu 'yan Kebbi ba mu da uzurin wasa da wannan fanni. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 66 cikin 100 na yaranmu 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, mun fi kowace jiha. Jihar shinkafa da kifi da albasa ke nan fa! Dattijo mai ciwon suga a Gwandu ba ya buƙatar a ce ya ci abincin Turawa da bai taɓa gani ba. Yana buƙatar wanda zai zauna da shi ya auna masa malmalar tuwon shinkafa, ya faɗa masa yawan furar da zai sha da abin da bai kamata ya zuba a ciki ba.

Na sani, samun gurbin da wuya. Guraben kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma tsoffin wuraren da suka yi suna a wannan horo, irin su UCH a Ibadan da UNTH a Enugu, suna da nisa da mu. To amma wahala ba ta zama dalilin haƙura ba. Ka haɗa takardunka tun kafin a fitar da sanarwa: sakamakon digiri, na sakandare, takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma. Ka nemi wuri fiye da ɗaya, ka koma littafi saboda jarabawa da intabiyu. Ka tambaya ko ƙungiyar masu sana'ar ta amince da asibitin, kada ka ɓata shekara a banza. Wanda ya ce ka turo kuɗi ta WhatsApp ya samo maka gurbi kuwa, ka bulo ɗin sa kawai.

Sauran magana ta gwamnati ce. A Kalgo ga Cibiyar Lafiya ta Kebbi, ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, kusa da juna. Me zai hana a zuba ƙwararrun masana abinci a asibitin, da kicin da kayan awo, har ya zama wurin da ake horar da ɗalibai duk shekara? 'Yan mata da yawa ke karanta wannan fanni, kuma ba kowane uba ne zai bar 'yarsa ta yi wata goma sha biyu a Enugu ba. Kalgo kam, ko daga Gwandu ne, zai bari.