Ƙwaya ɗaya ba ta wakiltar buhu

A gidan tarihi na British Museum da ke Landan akwai wani kofin gilashi na Rumawa, na ƙarni na 4, wanda ake kira kofin Lycurgus. In haske ya faɗo masa ta gaba, kore ne. In ya ratso ta baya, sai ya koma ja. A 1990 Barber da Freestone suka duba ɓarɓashinsa da na'urar hange ta elektron, suka tarar da ƙwayoyin azurfa da zinariya a gauraye, faɗinsu bai wuce nanomita 100 ba, kusan kashi bakwai azurfa, uku zinariya.

Yau da gangan ake ƙera irin waɗannan ƙwayoyi masu ƙarfe biyu. Motar Toyota Mirai mai aiki da haidurojin tana amfani da gaurayen filatinam da kobalt. Filatinam na da ɗan karen tsada, kuma atam ɗin da ke saman ƙwaya ne kaɗai ke aiki, don haka dole a san wane ƙarfe ne a waje, wane ne a ciki. Na'urar hange ta elektron tana bambance su. Filatinam mai lambar atam 78 ya fi kobalt mai lambar atam 27 haske a hoto, sannan kowane ƙarfe yana fitar da nasa irin hasken eksire idan elektron ya buge shi. A 2017 tawagar Jianwei Miao ta Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ta gano mazaunin atam fiye da 23,000 a cikin ƙwaya ɗaya ta baƙin ƙarfe da filatinam.

Wannan aiki ya cancanci yabo, amma a ganina kyan hoto ya fara rinjayar hujja. Elektron ɗin da ke auna ƙwayar yana iya tunkuɗe atam daga wurinsa tun ana cikin awon. Galibi kuma a wurin da aka zuƙe iska ake awon, alhali a cikin danshi da zafi ƙwayar za ta yi aiki. Ga shi ɗan Adam bai cika nuna mummunar ƙwaya ba in yana da kyakkyawa.

Mai sayen gero ba ya yarda da saman buhu, sai ya zura hannu har ƙasa. Ya kamata mujallun kimiyya su riƙa neman awon ɗaruruwan ƙwayoyi, da bayanin yawan elektron ɗin da aka zuba musu, da sakamakon narkar da samfurin gaba ɗaya don a kwatanta. Wanda ya kawo hoto ɗaya tak, a tambaye shi ina sauran.