Bariyam: Ƙarfe Mai Laushi Daga Dutse Mai Nauyi

Masu wankin kuza a bakin kogin Dilimi, cikin Jos, sun daɗe da sanin cewa in aka kaɗa ƙasa a ruwa, yashi yakan tafi, abu mai nauyi ya kwanta a gindin ƙwarya. To, akwai wani dutse a ƙasar nan wanda nauyinsa shi ne jarinsa, watau barait, wanda daga cikinsa ake samun ƙarfen da masana ke kira bariyam.

Asalin sunan daga Girkanci ne, ma'anarsa kuwa mai nauyi. Barait ya yi nauyin ruwa sau 4.5, yashi sau 2.6, ƙwayar kuza kuwa kusan sau 7. Abin mamaki, ƙarfen kansa bai wuce sau 3.5 ba, watau bai kai rabin baƙin ƙarfe ba.

A jerin sinadarai bariyam ne na 56, alamarsa Ba. Fari ne kamar azurfa, yana da laushi, yana narkewa in zafi ya kai digiri 727. Amma ba ya zama shi kaɗai. In iska ta buge shi, nan da nan sai ya dushe; in ya faɗa ruwa, sai ya yi ta kumfa yana fid da iskar haidurojin. Don haka cikin mai ake ajiye shi, kuma ba a tsintarsa tsurarsa a ƙasa. Scheele, mutumin Suwidin, ya gano alamarsa a 1774, amma sai a 1808 Humphry Davy na Ingila ya ware shi da ƙarfin lantarki. In aka sa gishirinsa a wuta, harshen yakan zama kore, shi ne koren da ake gani a wasan wuta na bukukuwa.

Alherin bariyam da sharrinsa duka sun rataya a kan abokin da ya haɗu da shi. In ya haɗu da farar wuta da oksijin, kamar yadda yake a barait, ba ya narkewa a ruwa, balle a ruwan tsamin ciki. Shi ya sa a asibiti ake dama tataccensa kamar kunu a ba mara lafiya ya sha kafin a ɗauki hoton maƙogwaro da hanji, gama hasken na'urar ba ya ratsa shi, daga baya kuma ya fice ba tare da ya shiga jini ba. Ɗan'uwansa kuwa, bariyam kabonet, yana narkewa a ciki, har da shi ake maganin ɓera. Yana shanye gaɓoɓi, ya rikita bugun zuciya. A 2003 mutane sun rasu a Birazil saboda an ba su kunun hoto da ya gauraya da shi. Duka biyun farin gari ne, ido ba ya rarrabe su.

Amma babbar kasuwar barait ita ce haƙar man fetur. Ana niƙa shi a zuba cikin taɓon da ake tura wa rijiya, nauyinsa ya danne gas da mai kada su yi ambaliya. Kamfanoni sun saba neman wanda nauyinsa ya kai sau 4.2.

Akwai barait a Azara, wadda ke cikin Jihar Filato har zuwa 1996 da aka ƙirƙiro Nasarawa, haka kuma a Binuwai da Taraba da Kuros Riba. Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1972 da hedkwata a Jos, ta yi aikinsa a Azara. Duk da haka an yi shekara da shekaru ana sayo shi daga waje, har a 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da barait ɗan gida a Fatakwal.

Inda gizo ke saƙa shi ne, dutsen yakan fito gauraye da ƙasa da tsakuwa marasa nauyi. Talakan da ya haƙo shi ya sayar haka nan, araha zai yasar, gama bai kai ma'auni ba. Maganin kuwa tsohon sani ne a Filato: a farfasa, a wanke, a bar mai nauyi ya kwanta. In hukuma da 'yan kasuwa suka kai injinan wanki da niƙa da ɗakin gwaji kusa da ramukan haƙa, kuɗin da ke tafiya ƙetare sa tsaya hannun masu gumin.