Lamba ta cika, zuciya tana rumfa

Kwanan nan wasu dattawanmu sun taso wa samari da faɗa, wai sun ɗauko al'adar masu bautar gumaka, domin an gan su sun toshe kunne da waya, sun rufe ido suna bin numfashinsu, abin da masu Faransanci ke kira meditasiyon. Ban zo kare wannan manhaja ba. Amma kafin a ɗaga sanda, a tambayi abin da ya kore su daga tabarmarmu.

A leƙa da'irar wazifa a Adjamé ko Treichville bayan magariba. Istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12, babu abin da ya ragu. Sai dai hannun dama yana jan carbi, ko danna ɗan ƙirgen nan na yatsa, na hagu kuwa yana aljihu yana lallaɓa waya: ko kaya sun iso daga Dubai, ko mai bashi ya turo kuɗi ta Wave. Yaron da ya wuni a Black Market cikin ƙarar lasifika, hayaƙin gbaka da gardamar farashi, ya zo neman minti goma na natsuwa, sai ya tarar da iyayensa suna tsere da harshe don a cika lamba a tashi. To, ina zai nufa?

Abin da yake saurare a waya ba tsoho ba ne a wannan siffa. A 1979 wani Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, ya tsara shi darasin mako 8 a asibitin jami'ar Massachusetts, ya ɗebo shi daga mabiya Buddha, ya tuɓe masa rigar addini. Imam Gazali kuwa ya rasu tun 1111, kuma a cikin Ihya'u ya lissafa abubuwa 6 da ke raya salla, na farkonsu halartowar zuciya. Har magani ya bayar: a sunkuyar da ido, a matso kusa da bango, a kau da duk abin da ke ɗauke hankali. Malamanmu sun karantar da muraƙaba a zaure. Mu muka riƙe ƙirge, muka saki wancan.

Ku samari, biyan sefa kowane wata don wata murya daga Amurka ta ce muku ku ja numfashi, asara ce. Amma ba ku ne da babban laifi ba, ƙishirwa ce ta kai ku.

Da limamai da muƙaddamai nake. A rage gudu. A fassara wa yara abin da suke furtawa, da Hausa, ko da Faransanci ga waɗanda aka haifa nan. Sannan a ajiye kwando a bakin ƙofa, kusa da takalma, kowa ya sa wayarsa, har da Alhajin sahun gaba. A dai sa wa kwandon mai tsaro, domin nan Adjamé ce.