Yaro ya warke, kada a yar da takardarsa

Ciwon daji ba na manya kaɗai ba ne, yana kama yara ma. Wani irinsa yana kumbura muƙamuƙin yaro ko cikinsa. Likita Denis Burkitt ne ya bayyana shi a Uganda a 1958. Wani kuma a ido yake farawa, sai a ga ƙwayar idon jinjiri ta yi fari.

Idan aka kai yaro asibiti da wuri, yana iya warkewa. Daga Agadas, Yamai ake tura mu, tafiyar fiye da kilomita 900. A can, cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji ta fara gashi da na'ura a 2021.

Amma akwai abin da ya kamata mu sani. Maganin yana da ƙarfi ƙwarai. Yana kashe ciwon, yana kuma iya taɓa lafiyayyen jiki. Saboda haka, kaɗan daga cikin yaran da suka warke sukan kamu da wani sabon ciwon daji. Wasu magungunan sukan jawo na jini bayan ƴan shekaru. Gashi yakan jawo shi a wurin da aka gasa, bayan shekara 10, 20 ko fiye. Yarinyar da aka gasa wa ƙirji, sai a riƙa duba nononta idan ta girma.

Wani zai ce, to gara a bar yaron a gida. Ba mu yarda ba. Ciwon farko, idan aka ƙyale shi, kashewa yake. Na biyun kuwa, yawancin yara ba ya samunsu. Ba a fasa shuka don tsoron fari.

Ga shawararmu. Ranar sallama, mu roƙi likita ya rubuta sunan ciwon, da magungunan, da wurin da aka gasa. Mu ajiye takardar cikin leda, ko da rugga ta tashi. Idan yaro ya yi hankali, mu gaya masa gaskiya, mu danƙa masa ita. Mu hana shi taba. Duk ƙullutu, ko rama, ko zubar jini, a nufi asibiti da takardar a hannu.

Yaro zai manta, likita zai sauya gari, takarda ba ta mantuwa. Mun koyi karatu, to ga amfaninsa.