Mai shan iskar soro, shi ke da gyaransa

Jama'a, idan zafin bazara ya hana barci cikin ɗaki, kan soro muke hawa mu sha iska. Da kaka kuma can muke shanya kuɓewa da tattasai, nesa da awaki. Amma da yawanmu ba mu tunawa da gyara sai ruwan marka ya ruɓar da azara, rufi ya faɗo wa iyali. Wannan sakaci ne, ba ƙaddara ba.

Tun kafin ruwan fari, mu share indararo, mu toshe tsaga, mu sabunta yaɓe da makuba. Mu ƙara tsawon katangar bakin soro don kada yara su faɗo. Mai kwana bisa kuma ya ɗaura gidan sauro, domin sauro ma yana hawa soro.